Kazata ta ƙi cin abinci kwana uku, me zan ba ta?

Wata baiwar Allah ce daga Tahoua ta aiko da tambayar cikin hunturu. Tana da kaji takwas na gida da ƴan zabi. Ɗaya daga cikin dakwalen ta daina cin abinci yau kwana uku, sai raɓewa jikin katanga, gashi a tashe, ido a lumshe. An watsa mata gero ta ƙi, an jiƙa mata dusa ta ƙi. Maƙwabciya ta kawo kafso mai ja da rawaya aka fasa a ruwa, aka ƙara da barkono, shiru. A ƙarshen saƙon ta ambata cewa maigida ya sayo zakara a kasuwar Lahadi kwana goma da suka wuce. Abin da take so ta sani shi ne wane abinci za ta ba kazar ta farfaɗo.

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya tsare miki sauran. Abincin zan faɗa miki dalla-dalla, amma shi ne na uku a layi. Kafin shi akwai ware ta, akwai ruwa.

Kaza tana ɓoye ciwo. Wadda ta nuna rauni a cikin ƴan uwanta tsattsaga take sha, shirwa ma ita take fara hange, don haka takan daure ta yi ta yawo kamar lafiyarta ƙalau har ƙarfinta ya ƙare. Ranar da kika gan ta tsaye jikin katanga, ciwon ya kwana biyu a jikinta. Ƙin cin abinci kuwa kusan kowace cutar kaji da shi take farawa, tun daga tsutsar ciki har annobar da ke share gida. Shi ya sa babu wani abinci guda da zan ce ki ba ta ta miƙe, sai mun gano abin da ya hana ta ci.

Yau ɗin nan, kafin ki gama karanta wannan ma, ki ɗauke ta daga cikin sauran. Kwali mai ramuka ya isa, ko kwando a kife, a wani ɗaki ko lungu da kaji ba sa shiga. Tunda sanyi ake yi, ki shimfiɗa mata tsumma ko busasshiyar ciyawa, da dare ki lulluɓe kwalin da buhu ki bar kafar iska. Zafin jikin kaza mai lafiya wajen digiri 41 ne, kuma da abin da ta ci take riƙe shi. Wadda ba ta ci ba, iskar asubar hunturu kaɗai tana iya ƙarasa ta. Da a ce watan Afrilu ne ko Mayu, lokacin da zafin Adar, wato yankin Tahoua, ke haura digiri 40, da akasin haka zan ce: inuwa mai iska da jiƙaƙƙen buhu a kan kwandon, domin kaza ba ta yin gumi, da haki take fitar da zafi. Mazubin ruwanta da na abincinta su zama nata ita kaɗai. Ki riƙa fara sallamar masu lafiya, ita ta zo ƙarshe, sannan ki wanke hannu da sabulu. Yara kada su ɗauke ta.

Sai ruwa. Kaza tana iya jure kwanaki ba ta ci ba, amma rashin ruwa na kwana ɗaya ko biyu yana kayar da ita, musamman in tana zawo. Mai lafiya tana shan wajen rubu'in lita a yini, da zafi har ninki biyu. Ki zubar da ruwan barkonon nan. Ki samo ruwa mai tsabta rabin lita, wato leda ɗaya ta fiya wata, ki jefa ƙwayar sukari biyu, ki sa gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka tsinka, kada ya wuce haka don gishiri da yawa guba ne ga kaji. Ruwan ya zama mai ɗan ɗumi. Ki tsoma mata bakin a ciki ki saki. Da yawa daga cikinsu in suka ji danshi a baki sukan ɗaga kai su haɗiye, daga nan su ci gaba da kansu.

In ta ƙi, sai a ba ta da hannu, kuma a nan ne ake kashe kaji da yawa da niyyar taimako. Ki buɗe bakin kaza ki duba: a gindin harshe akwai ɗan rami mai buɗewa yana rufewa. Hanyar numfashi ke nan. Wanda ya ɗaga kan kaza sama ya ɗura mata ruwa da cokali, cikin wannan ramin yake zubawa, ruwan ya tafi huhu. Abin da za ki yi, ki zauna ki ɗora ta a cinya, ki naɗe fukafukan da zane, kanta a daidai yadda take riƙe shi. Da sirinji marar allura, ko ƙaramin cokali, ki ɗiga ruwan a gefen baki, ɗigo biyu ko uku, ki dakata. Za ki ga maƙogwaron ya motsa. Sai ki ƙara. Cokalin shayi uku ko huɗu a zama ɗaya ya isa, ki maimaita bayan kowace awa biyu har dare. Aiki ne mai cin rai, amma shi ne ke riƙe ta. Ruwan sukarin na kwana biyu ne kawai, bayan nan ki koma zallan ruwa, ko mai garin bitamin na kaji da ake sayarwa a kantin maganin dabbobi.

Gobe da sassafe, kafin ki ba ta komai, ki duba ta da hannu tun daga kai har ƙafa. Ki fara da jakar abincin da ke ƙasan wuyanta, ta ɓangaren dama. Kaza takan kwanta da ita cike ta tashi da ita wayam. In kika tarar da ita da tauri kamar an cusa tsumma, abinci ne ya toshe, galibi doguwar ciyawa ko zaren buhu ko leda, kuma kin san yadda leda ta cika mana lunguna. Wannan ki ba ta ruwa da ƴan ɗigon man gyaɗa, ki murza jakar a hankali sau uku ko huɗu a yini, ki hana ta tsaba. In kuwa jakar ta yi luguf da ruwa, bakin yana warin tsami, abin ya ruɓe a ciki, ki dakatar da abinci na yini guda ki nemi likitan dabbobi. Kada ki yarda a kifa ta kai ƙasa wai ta amayar, shaƙewa take yi.

Ki shafa ƙirjinta. In ƙashin tsakiya ya fito da kaifi, babu tsoka dama da hagu, ramar ta daɗe, sai a fi zargin tsutsar ciki ko ƙwari masu shan jini. Ki ɗaga fiffike, ki buɗa gashin gindin wutsiya, ki nemi ƙwarƙwata. Ki dubi fuska da gefen ido ko akwai ƙuma a manne. Akwai kuma kaskar kaji, wadda da rana ba za ki same ta a jiki ba, tana cikin tsagar bangon akurki, sai dare take fitowa. Ki je da tocila bayan isha ki haska tsagogin. Kazar da ake tsotsa kowane dare zankonta yakan koɗe ya yi fari. Ki leƙa cikin baki: wani abu fari-fari ko rawaya da ya manne a dasashi ko harshe, tare da ƙuraje masu ɓawo a zanko da fatar ido, yana hana ci saboda zafi, ko da tana jin yunwa. Ki taɓa cikinta ta baya, tsakanin ƙafafu da mafitar ƙwai. Dakwalwar da ƙwai ya maƙale mata takan tsaya a miƙe, wutsiya ƙasa, tana yunƙuri, kuma za ki ji taurinsa. Ki zaunar da bayanta cikin ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20, ki tsane ta sosai, ki shafa mai a mafitar, ki ajiye ta wuri mai duhu. Ban da matsawa, in ya fashe a ciki an shiga uku.

Ki shimfiɗa mata kwali mai tsabta ta kwana a kai don ki ga kashinta da kyau. Jini a ciki alamar ciwon hanji ne da ake yi wa magani da amprolium, ya fi kama ƙanana da lokacin damina. Tsutsa a ciki ta faɗi kanta. Kore shar mai ruwa yana iya zama na yunwa kawai, yana kuma iya zama abin da nake tsoro.

Kwanci ban sa shi a lissafi ba, tunda kin ce tsaye take a waje. Mai kwanci takan lafe a kan ƙwai kwana 21, ta fito sau ɗaya a yini ta ci kaɗan, in an taɓa ta ta kumbura ta kai sara. Wannan lafiyarta lau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin saƙonki shi ne zakaran nan. Sabuwar kaza daga kasuwa, lokacin hunturu, sannan bayan mako guda wata ta kwanta: duk wanda ya yi aikin kiwo a ƙasar nan ya san wannan jeri. Cutar Niyukasal, wadda ke share kajin gari kusan kowace shekara da sanyi, takan ɗauki kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana, galibi biyar ko shida. Kuma mutane da sun ga kaji sun fara mutuwa a gida, sai su kwashi masu sauran ƙarfi su kai kasuwa. Zakaran yana iya zama garau a ido alhali shi ya kawo ta. Ban ce ita ce ba, ban ga kazar ba. Amma ki sa ido a kan waɗannan: zawo kore, numfashi da baki buɗe ko da ƙara, kumburin fuska, fukafukai a sake suna jan ƙasa, rawar jiki, wuya ya murɗe ko tana kewaya wuri ɗaya. Sama da duka, ki ƙirga. In kaza ta biyu da ta uku suka kwanta cikin kwana biyu, maganar ta tashi daga jinyar kaza ɗaya.

Niyukasal ba ta da magani. Ƙwayar cutar bairos ce, kafso ba ya taɓa ta, allura ba ta taɓa ta. A garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kashe kusan duka. Murar tsuntsaye ma da ido ba a bambanta ta da ita, sai an kai samfuri ɗakin bincike irin LABOCEL da ke Yamai, kuma ita murar tana iya kama mutum. Ta fara ɓulla a Nijar a 2006 a Magaria, ta kuma sake dawowa daga baya. Saboda haka in kaji suka fara faɗuwa biyu-biyu, uku-uku, ko zabi suka shiga ciki, ki sanar da ma'aikatar kiwo ta gari ko likitan dabbobi mafi kusa a ranar. Kada a yanka, kada a fige, kada a sayar, kada a ba maƙwabta. Wadda ta mutu a sa hannu cikin leda a ɗauke ta, a ƙone ko a binne da zurfi. Jefa ta a bola raba cutar ne ga unguwa, karnuka za su ja ta gida-gida.

To, mu ce babu ko ɗaya daga waɗannan, ita kaɗai ce, jakar wuyanta tana saukewa, ta fara shan ruwa. Yanzu ne maganar abinci.

Gero busasshe da dusa da kika gwada, su ne mafi wuya gare ta a wannan hali. Tsaba tana buƙatar ƙundu mai ƙarfi ya niƙa, dusa kuwa cika ciki ce, ƙarfinta kaɗan ne. Abin da na fi amincewa da shi dafaffen ƙwai ne. Ki dafa ya yi tauri, ki murmushe rabinsa, ki yayyafa ruwan ɗumi ya yi laushi. Wasu suna ƙyamar ba kaza ƙwai, wai za ta koyi shan nata. Ɗanye ne a cikin ɓawonsa ke koya mata haka, dafaffe murmusasshe ba ta san ko mene ne ba. Bayan ƙwai sai kunun gero mai kauri wanda ya huce, marar tsami marar yaji, ko tsakin gero da aka jiƙa ya kwana aka ɗan tafasa. A kan wannan za ki iya barbaɗa garin busasshen kifi ɗan kaɗan, ko ƙuli-ƙuli dakakke in ba mai gishiri da yaji ba ne. Ki shinshina shi tukuna, ki fasa ki duba. Gyaɗar da ta yi funfuna tana lalata hantar kaza, hatsin da ya yi fumfuna ma haka, kuma shi kansa yana cikin abubuwan da ke sa kaji su daina ci. Ganyen zogale ɗanye, yankakke ƙanana, yana da kyau a haɗa. In kina da abincin ƴan tsaki na kanti, ki dama shi da ruwan ɗumi, ya fi duk haɗin da za mu yi a gida daidaito.

Sai gara. Iyayenmu da ke kifa tsohuwar tukunya da karmami da busasshiyar kashin shanu a bakin suri don su tara wa ƴan tsaki gara sun san abin da suke yi. Kazar da ta kau da kai daga komai, sau da yawa in ta ga abu yana motsi a gabanta sai ta kai baki. Fara ko tsutsar ƙasa ma suna yin wannan aiki, in dai ba daga inda aka yi feshi aka samo su ba.

Yadda ake bayarwa ya kai abin da ake bayarwa muhimmanci. Cokali ɗaya a faranti marar zurfi, sau biyar ko shida a yini. Ki ƙwanƙwasa farantin da farce kamar yadda uwa ke kiran ƴan tsakinta, ki ɗan ɗaga abincin ki saki ya faɗo a gabanta. Abin da ta bari bayan awa ɗaya ki kwashe, jiƙaƙƙen abinci ba ya jimawa yake tsami. In ta kai kwana ɗaya tana shan ruwa amma ba ta ci ba, ki mulmula haɗin ƙwai da kunu ƙanana kamar ƙwayar wake, ki buɗe bakin ta gefe da babban yatsa, ki ajiye ɗaya a kan harshe ta gaba, ki saki ta haɗiye da kanta. Biyar zuwa goma a zama ɗaya. Kafin zama na gaba ki taɓa jakar wuyan. In abin da kika ba ta ɗazu yana nan bai motsa ba, kada ki ƙara, ki koma ruwa. Sauran tuwo da miya, shinkafa mai mai da magi, duk ki ajiye su, gishirinsu ya fi ƙarfinta.

Alamar sauƙi ta farko ba cin abinci ba ce. Za ki ga ta fara gyaran gashinta da baki, tana bin ki da ido, kashin ya fara ɗaurewa da ɗan fari a kansa. Daga nan sai ki riƙa cuɗa tsaba cikin jiƙaƙƙen abincin kaɗan-kaɗan, ki ajiye mata ƴan tsakuwa da dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa. Ko ta warke sarai, ta ƙara mako biyu a ware kafin ta koma cikin sauran.

Game da kafson maƙwabciya, na san da kyakkyawar niyya ta kawo, kuma kusan kowane gida an taɓa yi. Matsalarsa, na mutane ne, ba a san adadin da kazar ta sha ba, wanda ake saya a tebur kuma ya sha rana har ba a san abin da ya rage a cikinsa ba. In cutar ta bakteriya ce, irin mai kawo majina da kumburin ido, akwai garin oxytetracycline na kaji mai awo a rubuce a jikin leda, ana ba da shi kwanakin da aka rubuta cif, ba a tsayawa don an ga sauƙi. In tsutsa ce, maganinta daban, kamar piperazine ko levamisole, kuma duk garken ake ba. Wanda zai zaɓa miki a cikinsu sai wanda ya ga kazar ko aƙalla hoton kashinta da fuskarta. Ki tambayi ma'aikatar kiwo, ko mataimakan likitan dabbobi na tsarin SVPP, wato likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, da ke zagaya garuruwa. Duk maganin da ta sha, akwai kwanakin da ba a cin ƙwanta ko namanta, suna rubuce a jikin ledar. Tunda ta riga ta sha kafso, ƙwan da za ta yi cikin mako guda aƙalla kada a ci.

Barkono da ɓawon maɗaci da ganyen bedi ba zan yi dogon musu a kansu ba. Kazar da aka ba su ta tashi, mai ita zai rantse su ne, waɗanda suka mutu kuma ba a lissafa su. Abin da na tabbatar shi ne ruwa mai ɗaci yana rage mata sha, a daidai lokacin da shan ne ke riƙe da ranta. Wanda zan hana ki da babbar murya shi ne fiya-fiya, maganin kashe ƙwarin nan. Kada a ɗiga shi a ruwansu, kada a shafa a jikinsu don ƙwari, haka kananzir da baƙin mai. Akwai hodar ƙwari ta kaji a kantin maganin dabbobi. Akurkin kuma a share, a ƙone shimfiɗar, a wanke da girezil ko ruwan jabel, a liƙe tsagogin da laka, a ajiye musu toka da rairayi a kasko su riƙa birgima.

Akwai lokacin da jinya ba ta da amfani. In ta kai ba ta iya tsayawa, ba ta haɗiye ruwan da aka ɗiga mata, ko kwana uku na kulawa ba su canza komai ba, barin ta wahala ce kawai. Sabo da kaza ba ya hana yanka, amma ki rarrabe: wadda ta karye ko ƙwai ya maƙale mata, ba ta sha magani ba, halal ce a tukunya. Wadda ba a san ciwonta ba, ko ta sha magani jiya, rami ne nata.

Sauran bakwai ɗin da zabin su ne dukiyar da ta rage, kuma lissafinsu ya fi na wannan ɗaya. Zakaran a ware shi shi ma. Daga yau duk abin da aka sayo ko aka kawo kyauta, ya yi mako biyu a gefe kafin ya shiga cikinsu. Rigakafin Niyukasal iri biyu ake samu a wajenmu: na allura irin Ita-New, da na ɗigawa a ido da ake kira I-2, wanda ake maimaitawa duk wata huɗu. Masu lafiya kaɗai ake yi wa, kuma sai ya yi wajen mako biyu kafin ya fara kare su, don haka wanda aka yi bayan cuta ta shigo gida sau da yawa ya makara. Yanzu ki bar likita ya duba ya yanke ko a yi musu ko a jira. Shekara mai zuwa kuwa a yi shi da kaka, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin iska ta juya. Kwalba ɗaya ta ishi kaji masu yawa, kuma in an buɗe ta ba ta ajiyuwa, saboda haka ki haɗa kai da matan unguwa ku kira mai allurar rana ɗaya, ku tsare kajin tun dare, a yi da sanyin safiya. In ya zo, ki duba ko a cikin kula mai ƙanƙara ya ɗauko maganin. Wanda ya zaro kwalba daga aljihun riga, ki ba shi haƙuri ya koma da ita.